Shafi Biyu na Mai Ware Ulu

Babana ya yi shekara talatin da huɗu yana aiki ɗaya, a ɗaki ɗaya, a gaban teburi ɗaya. Amma in ka tsayar da mutumin layinmu ka tambaye shi sana'ar Baba, abin da zai ce maka bai wuce, "Ai a masaƙa yake." To, a masaƙar yana yin me? Nan za ka ga an fara sosa ƙeya. Masaƙar ta ulu ce, kuma ba ƙarama ba ce. Akwai masu wanki, akwai masu taza, akwai masu kaɗi, ga marina, ga masu saƙa. Baba ba ya cikin ko ɗaya daga cikinsu. Shi mai ware ulu ne. Gashin tunkiya in ya shigo gidan, kafin ruwa ya taɓa shi sai ya bi ta hannun Baba, ya raba shi kashi-kashi, mai laushi daban, mai kaushi daban. Abokan aikinsa sun daɗe da mance sunansa na yanka, Yatsu suke ce masa.

Da dako ya fara. Yana ɗan shekara goma sha tara yake sauke dilolin ulu daga mota yana tura su ciki a baro. Shi da bakinsa ya ba mu labari, wata rana ya dire wata dila ya ce wa na kusa da shi, "Wannan ba irin ta jiya ba ce, ta fi taushi." Alhali bai kwance ta ba, ɗan abin da ya leƙo ta bakin buhu kawai ya shafa. Ashe shugaban ɗakin warewa yana bayansa. Washegari aka karɓe baron aka miƙa masa rigar aiki. Shekara huɗu ya yi yana tsaye a gefen wani kafin a bar masa teburi nasa na kansa.

Abu biyu na tashi na sani game da aikin nan. Na farko hannunsa. Ulun da ba a wanke ba maiƙo gare shi, maiƙon nan kuwa wuni yake yi yana shiga fatar Baba, har tafin hannunsa ya fi na kowa laushi a gidanmu. Mama ba ta gajiya da tsokanarsa. "Ku zo ku ga ikon Allah," in ji ta, "ƙaton mutum da hannun jarirai, ni da nake mace nawa kamar bayan tukunya." Baba sai ya miƙa mata hannun ya ce ta taɓa ta more, ba kowace mace ce ta yi wannan dacen ba.

Na biyu wari. Allah ya gani ina son ubana, amma warin tumakin nan ba ya jin sabulu. Mama ta kafa ƙusa a bayan gida musamman don rigar aikinsa. Kullum kafin rana ta faɗi yake dawowa, domin masu ware ulu ba sa aiki da hasken lantarki, sai da na rana, kuma tun yana bakin ƙofa hanci yake gaya mana ya iso. Ina aji uku malama ta ce kowa ya tashi ya faɗi sana'ar mahaifinsa. Da aka zo kaina na miƙe na ce magatakarda ne a masaƙa. Ban ko ƙifta ido ba. In Mama ta aike ni kai masa abinci, a wajen maigadi nake ajiye kwanon in juya da gudu, kada wata 'yar ajinmu ta hango ni. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Ni dai zane Allah ya ba ni. Na yi makarantarsa, na fito, na yi ta zana allunan shaguna da katin gayyata, har wani kamfanin buga littattafan yara ya neme ni. Editar, wadda nake ce wa Anti, mace ce mai tsare gida, gilashinta a kan hanci, jan bironta a hannu. Ta ce suna son littafin hotuna na 'yan shekara shida, wanda zai nuna musu yadda gashin tunkiya yake zama rigar sanyi. Ni zan zana, ni zan rubuta 'yan layukan da ke ƙasan kowane hoto. Ta miƙo mini takarda ta jera matakan: aski, wanki, taza, kaɗi, rini, saƙa. A ƙarshe kuma, in ji ta, za a ba ni shafi guda, a sa hotona da ɗan tarihina.

Na karanta takardar sau biyu. Daga aski sai wanki. Wato a wajensu tunkiya tana tuɓe gashinta ne ta miƙa wa mai wanki kai tsaye. Raina ya sosu. Na koma gida na ƙara shafi biyu masu kallon juna tsakanin aski da wanki, na zana Baba a gaban teburinsa. Wannan karon ban ɓoye ba, na je na same shi, lokacin ya yi shekara uku da ajiye aiki, na ce, "Baba, na sa ka a littafi."

"Ni kuma, Uwata?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Me na yi?"

"Aikinka mana."

Ya ci gaba da kurɓar shayinsa. Amma Mama ta tsegunta mini cewa a ranar ya sa an ciro masa tsohuwar rigar aikinsa daga ƙasan akwati, ya shanya ta, ya tsaya yana kallonta.

Wata uku na yi ina zane. Ranar wata Litinin Anti ta kira ni ofis. Ta baje shafukan a kan teburinta ta ce, "Mai zane, aiki ya yi kyau, amma akwai matsala. Shafinki ashirin da shida ne."

Na ce to, sai me?

Ta ɗauko wata ƙatuwar takarda ta ninke ta sau uku a gabana, ta ce haka maɗaba'a take aiki. Babbar takarda ɗaya in an ninke ta shafi takwas-takwas take bayarwa a kowace fuska, don haka littafi ko dai ya zama ashirin da huɗu ko talatin da biyu, babu tsaka-tsaki. Talatin da biyu kuwa ya fi ƙarfin abin da kamfani ya shirya. Dole shafi biyu su fita, kuma ranar Juma'a da azahar za a miƙa aikin ga maɗaba'a. Ta ɗora jan bironta a kan Baba.

"Waɗannan za su tafi. Dubi nan, tunkiya ana mata aski, yaro zai yi dariya. Nan kumfa, nan injin yana juyawa, nan launuka. Wannan fa? Tsoho ne tsaye a gaban teburi. Me ke faruwa a nan?"

Ni da ma ban iya haɗiye magana ba, tun ina ƙarama ake mini faɗa a kai. Na ce mata tsohon nan da take nunawa da biro ubana ne, kuma in babu shi babu rigar da za ta sa wa kowa. Na ce wanda bai san abu ba shiru ya fi masa. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan maimaita su a nan ba. Anti ta bar ni na gama tsaf, sannan ta cire gilashinta ta ce, "Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Amma ba don 'ya'yan Baba muke buga littafin ba. Juma'a."

Na kwashi shafukana biyu na fito ina huci.

Ranar Talata na tafi gidan iyayena. Na tarar da Baba a zaune a baranda yana gyaran wata tsohuwar rediyo. Na zayyana masa komai, har da ƙari, ina jiran ya taya ni faɗa. Sai ya ce in ba shi zanen ya gani, domin har lokacin ban nuna masa ba, na so ya gan shi a cikin littafi. Ya goge hannunsa, ya karɓa, ya daɗe yana kallo.

"Matar nan ta fi ki gaskiya," in ji shi.

"Baba!"

"Wannan mutumin ba aiki yake yi ba. Wa ya ce miki ana ɗaga ulu sama ana leƙa shi da gilashi? Agogo yake gyarawa? Sannan wannan tulin da kika zuba masa a teburi, mene ne, hadari? Kwando ɗaya kika ajiye masa. In kwando ɗaya ne, me yake warewa?" Ya ɗago ya dube ni, babu faɗa a fuskarsa ko kaɗan. "Uwata, kin taɓa shiga ɗakin nan kuwa?"

Wallahi da mari ya kwaɗa mini da ya fi mini sauƙi. Tafiyar minti goma sha biyar ce daga gidanmu zuwa masaƙar. Na zana masu aski daga hotuna, na je na tsaya a kan masu rini wuni guda, na roƙi wata tsohuwa ta koya mini riƙe tsinken saƙa don kada in zana yatsu a karkace. Aikin ubana kaɗai na zana da ka, don ina ganin ai na san shi. Na sunkuyar da kai na ce ban taɓa ba.

"To gobe ki zo da wuri. Ki sa tsohon kaya."

Da safe muka tafi. Maigadin yanzu sabo ne, amma yana ganin Baba ya miƙe ya buɗe ƙofa. Muka bi ta wani dogon lungu, muka hau matakala, sai ga ɗakin. Dogo ne, tagoginsa manya, duk a ɓangaren da rana ba ta shigowa kai tsaye, haske fari tas ko'ina daidai. Tebura goma sha biyu ne a jere, amma uku kaɗai ake aiki a kansu. Saman kowane teburi ragar waya ce, don ƙasa da tsakuwa su zube. Warin nan da na yi ta gudu ya tarye ni tun daga bakin ƙofa, na ja shi har cikin ƙirjina ban toshe hanci ba.

Tsofaffi ukun da ke aiki suka ɗago. "Yatsu! Kai ne? Matar taka ta kore ka ke nan?" Wani mai furfura a gira ya ce ai da ma sun san zaman gida ba zai karɓe shi ba. Baba ya ce su rufe masa baki, baƙuwa ya kawo, 'yarsa ce mai zane. Ya faɗi "mai zane" ɗin da ƙarfi, har na can ƙarshen ɗaki ya juyo.

Ya ɗauko ƙunshi ɗaya, gashin tunkiya guda cur yadda aka aske shi aka naɗe. Ya riƙe gefe biyu ya watsa shi a kan teburi, sai ga shi ya baje da siffar tunkiyar kanta: ga wuya, ga kafaɗu, ga gadon baya, ga cinyoyi huɗu sun miƙe. Na saki baki. Shekarata talatin da ɗaya a duniya ban san haka yake fitowa ba.

Sannan ya fara. Kwanduna shida ne a kewaye da shi. Hannunsa ya shiga cikin gashin, ya yago na ciki mai datti ya jefa hagu, ya yago na cinya ya jefa bayansa ba tare da ya waiwaya ba, ya bi gadon baya, ya gangaro haƙarƙari. Idonsa ba ya kan teburin ma, yana kan taga, yana kuma ba mai furfurar gira amsar wata tsokana. Ko ɗigo bai faɗi a ƙasa ba. Mutumin da a gida sai ya dafa bango yake tashi daga kujera, ga shi nan yana juyi a kan ƙafa ɗaya. Ubana ne wannan, kuma babu wanda ya iya abin nan kamarsa a ɗakin, su kansu sun tsaya suna kallo.

"Kawo hannunki," ya ce. Ya ɗora mini na kafaɗa. "Wannan na rigar jariri ne." Ya ɗora mini na cinya. "Wannan na darduma, a taka shi da ƙafa. In suka haɗu a zare ɗaya an cuci wanda zai sa."

Ya tsinko ɗan gashi kaɗan, ya riƙe bakinsa biyu, ya kai kusa da kunnena ya ja shi da ƙarfi, na ji ya yi ƙara siririya. Ya ce wannan lafiyayye ne. Ya ɗauko wani daga wani ƙunshin ya ja, sai ya tsinke a tsakiya. "Tunkiyar nan, baiwar Allah, ta yi ciwo wajen tsakiyar shekara, ko kuma ta sha yunwa. Ga wurin nan." Ya shafa gashin a hankali kafin ya jefa shi kwandonsa. Ni dai fensirina bai huta ba, har takardar ta yi dabbare-dabbare da maiƙo.

Da za mu fito na ga ya cusa ulu cikin aljihu biyu, dama da hagu. A gida ya jiƙa su a ruwan ɗumi da sabulu, bai cuɗa ba, ya ce in aka cuɗa dunƙulewa yake yi. Ya shanya su a kan farantin baƙi na Mama. Mama ta fito ta gani ta riƙe haɓa. "Shekara uku ina hutawa da warin nan, yau kuma har kan farantina?" Ya ci gaba da baza ulunsa.

Ranar Laraba da yamma da wunin Alhamis ban tashi daga kujera ba sai don salla. Na zana gashin a baje da siffar tunkiya ya cinye shafi biyun, kwanduna shida a kewaye, ulu yana tashi a iska, Baba a tsakiya yana kallon taga. Da na gama na san ban taɓa zana abin da ya kai shi ba.

Juma'a da safe na fito zan tafi, sai na ga Baba a ƙofar gidana cikin kayansa masu kyau, har da turare.

"Ina zuwa, Baba?"

"Raka ki zan yi. Na san halinki, za ki je ki ƙara yi wa mutane rashin kunya."

Anti ta karɓe shi da girmamawa, ta ba shi kujera, ta sa aka kawo masa ruwa. Na shimfiɗa sabon zanen. Ta daɗe a kansa, har ta bi kwandunan da yatsa tana ƙirgawa. Sannan ta numfasa ta ce, "Ya fi na da nesa ba kusa ba. Amma maganar tana nan. Ɗan shekara shida ya san aski, ya san wanki, ya san launi. Me ya dame shi da wanda ya raba gashi gida shida? Baba, ka yi haƙuri, ba raini ba ne."

Na buɗe baki, Baba ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin teburi.

"Malama," ya ce, "kina da ƙaramin yaro a gida?"

"Ina da 'ya, shekararta biyar."

"Tana son rigar sanyi?"

Anti ta yi dariya, karo na farko da na ga haƙoranta. "Kada ma ka tona, Baba. Kullum da safe yaƙi muke yi. Wai cizonta take yi. Riga sabuwa fil, mai kyau, ta ce cizo."

Baba ya sa hannu a aljihun dama ya fito da hankici a ƙulle, ya sa a na hagu ya fito da wani. Ya kwance su a kan teburin, ulu ne fari tas a cikin kowanne, a ido ba ka ce da bambanci ba. Ya ce ta ɗauki na farko ta goga a wuyanta, nan ƙasan kunne. Ta kalle ni, sannan ta goga. Ta ce, "Kai, laushi." Ya ce ta ɗauki na biyu. Tana gogawa ta janye hannu da sauri, ta shiga sosa wurin.

"Tunkiya ɗaya ce," in ji Baba. "Wancan kafaɗarta, wannan cinyarta. Yarinyarki ba rigima take yi ba, Malama, gaskiya take gaya miki. Wani ne can ya yi ganda bai ware ba, ya haɗa mata na darduma a cikin riga."

Anti ta ci gaba da shafa wuyanta, wurin har ya yi ja. Can ta ce, a hankali, kamar ba da mu take ba, "Jiya ma sai da na yi mata tsawa, ta tafi makaranta tana kuka." Ta jawo zanen gabanta, ta ɗauki jan biron nan, gabana ya faɗi. Sai na ga ta rubuta a ƙasan hoton: Me ya sa wata rigar take cizo? Ta ce, "Wannan tambayar kowane yaro ya taɓa yin ta. Shafin nan yana nan."

Da ba don kunyar Baba ba da na yi guɗa a ofishin mutane.

"Amma fa har yanzu ashirin da shida ne," in ji ta. "Akwai shafin tallan sauran littattafanmu a baya, na sadaukar da shi, ni zan ji da manaja. Saura ɗaya."

Na yi caraf na ce a matse rini, shafi biyu na ba shi, a mai da shi ɗaya. Baba ya girgiza kai tun kafin in rufe baki.

"A'a. Mai rini ma uban wani ne. Kin san yadda hannunsa yake komawa? Ba za a tsuke shi don a faɗaɗa mini ba." Na ce to taza. Ya ce mai taza ƙurar da yake shaƙa ta ishe shi, kada in ƙara masa. Ya miƙe ya naɗe hankicinsa ɗaya, ya bar wa Anti mai laushin ya ce ta kai wa yarinyar. "Sauran lissafin naku ne, ku masu ilimi. Ina ƙasa wajen maigadi."

Yana fita na jawo shafin ƙarshe, wanda ke ɗauke da hotona da tarihina. Sai da na je gidan hoto musamman saboda shi, na sa mayafina mafi kyau, aka ɗauka sau bakwai kafin in yarda da ɗaya. Littafina na farko ke nan a duniya. Na tura wa Anti shi na ce ta cire.

"Kin tabbata?"

Na ce sunana yana bango, ya isa. Ƙarya nake yi, ya yi mini ciwo, amma ko a lokacin na san zan sake yin haka in an sake tambayata.

Bayan sati shida littafin ya fito. Aka ba ni kwafi goma, na rungume su ban tsaya ko'ina ba sai gida. Baba ya wanke hannu ya zauna, Mama ta tsaya a kansa. Ya buɗe a hankali, ya wuce aski, ya iso shafinsa. Ya dube shi sama da ƙasa, ya ƙirga kwandunan, ya gyaɗa kai ya ce, "To, yanzu yana aiki." Mama ta ce an rage masa tumbi, wannan son kai ne. Ni kuwa ina tsaye ina jin kaina ya kusa taɓa rufi.

Sai ya ci gaba da buɗawa. Ya wuce wanki, ya wuce kaɗi, bai tsaya ba, har ya kai ƙarshe. Ya juya bangon baya. Ya dawo ya sake buɗe shafin ƙarshe, ya murza shi da yatsa ko biyu ne suka manne.

"Ina hoton?"

"Wane hoto, Baba?"

"Naki. Kin ce za a sa hotonki a baya."

Na gaya masa yadda aka yi. Ina tsammanin zai yi shiru irin nasa, ko ya sa mini albarka. Ina! Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ajiye littafin a kan cinyarsa ya ce wa ya aike ni? Shi ya ce in sa shi a littafi? Ashe wata uku ke nan yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya, mai aski, mai shago, abokan zamansa na yamma, tsofaffin ɗakin warewa, yana gaya musu za su ga hoton 'yarsa a cikin littafi, bugun inji, da sunanta a ƙasa. Ko sau ɗaya bai gaya wa kowa cewa shi ma yana ciki ba.

"Don kai fa na yi, Baba!" Ni ma muryata ta hau.

"Ni na gama nawa. Wa ya damu da fuskata? Ke ce za a gani."

Na ce ai sai ya yi ta faɗa, an riga an buga dubu uku. Ya ce in tashi in ba shi wuri. Na tashi na tafi, ina tafe ina share hawaye a titi, rabi haushi rabi abin da ban san sunansa ba. Kwana biyu bai kira ni ba, ni ma na ƙi kira, don taurin kan a wajensa na gado shi.

A rana ta uku Mama ta yi mini waya ta ce in zo in ga abin da ubana yake yi, ita ta gaji. Na tarar da shi a teburin cin abinci, littattafan goma a jere, ga almakashi, ga kwalbar gam, ga wata 'yar ambulan ta gidan hoto. Ya ciro hotona na katin makarantar zane, wanda ya fi kowane hoto muni a rayuwata, ido ɗaya a lumshe, ɗankwali a karkace, ya kai an wanko masa guda hamsin. Yana manna ɗaya a cikin bangon baya na kowane littafi. A ƙarƙashin kowanne ya rubuta da biro, da rubutunsa manya-manya masu hawa da sauka: Wadda ta zana. 'Yata ce.

Mama ta ce ya riga ya je kantin littattafai ya tambaya ko za su bar shi ya manna a nasu, suka ba shi haƙuri.

Na tsaya a kansa ina kallon hoton. Da ƙyar na ce, "Haba Baba, ko hoton kirki ai ka nema."

Bai ɗago ba. Ya shafa gam a bayan na bakwai, ya daidaita shi da gefen bango, ya danna.

"Sa yatsanki nan, Uwata," ya ce. "Ki danne sosai, bai bushe ba."

Na ja kujera na zauna kusa da shi, na danne.